Rigar Kafinta da Magadanta

“...Lafiya lau, sai ciwon gwiwa da rashin miji na kirki. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar mai karɓar kuɗin wuta.”

“Jira nake a shimfiɗa mini darduma. Wace irin amarya ce ango zai zo ya same ta da tsohon zane?”

“Angon da ya zo hannu rabbana.”

“Ga leda a hannuna.”

“Tawa ce?”

“Ta kare ce.”

“To, hannu rabbana ka zo.”

Dogo ya sunkuya ya shiga. Kakansa, wanda duk unguwa take kira Kafinta, shi ya yi ƙofar gidan da hannunsa, kuma da tsayin kansa ya auna ta, bai yi zaton zuriyarsa za ta wuce shi ba. Kaka, matar Kafinta, tana zaune a baranda, kan kujera ɗaya tilo da ba ta rawa a gidan. Sauran kujerun duk suna jiran ranar da mai gidan zai samu sarari ya duba su. Bai samu ba. Watannin baya ya dawo daga shago da garin katako a girarsa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin la'asar, daga nan bai tashi ba.

Dogo malamin lissafi ne, ɗan 'yar Kaka ta biyu. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta, tun lokacin kuma take ƙorafin ba ya cefane. Yau Asabar, ba makaranta, shi ya sa aka ɗora masa aikin. Kawunsa, babban ɗan gidan, ya yanke hukunci ta waya daga garin da yake aiki: a ɗauke karen marigayi a kai shi gonar wani abokinsa a bayan gari, inda maigadi yake neman kare. Hujjojin kawu ba su da aibu. Karen ya daina cin abinci, kullum sai ya fice, jiya an dawo da shi da ƙafa a yanke, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya jinyar kare ba, balle karen da ta yi shekara da shekaru tana roƙon a raba ta da shi. Motar da aka aro mai buɗaɗɗen baya tana ƙofar gida, an shimfiɗa kwali a ciki.

Sunan karen Guduma, saboda siffar kansa. Kafinta ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo a magudanar ruwa bayan shago, wani ya ɗaure masa wuya da waya har ta shige fata. Ya kawo shi gida cikin akwatin ƙusoshi, ya ce kwana biyu kawai zai yi, da ya warke a sallame shi. Kaka ta amince da kwana biyu. Yanzu bakin karen ya yi furfura. A duk tsawon kwana biyun nan ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Wannan abin” take ce masa, in kuma ta tashi da nishaɗi, “ɗan Kafinta”.

Dogo ya ce ya zo ɗauke mata annoba. Ta ce alhamdulillahi, ashe za ta ga wannan rana da idonta. Ta ce ya hanzarta kafin rana ta yi zafi. Sannan ta tambaye shi ko ya karya. Sannan ta ce ya zauna ya huta tukuna, mota ba guduwa za ta yi ba.

Karen yana kwance a gindin tagar ɗakinta, ba a kusurwarsa ta kullum ba, can wajen tarin guntayen katako. Ya ɗaga ido ya dubi Dogo, ya buga wutsiya a ƙasa don kada a ce bai gaisa ba, ya mai da kai kan ƙafafunsa. Daga baranda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

“Kin mai da shi kamar ke. Fata da ƙashi da taurin kai.”

“Kana ina lokacin da nake da jiki? Sai da kakanka ya faɗaɗa ƙofar nan saboda ni.”

“Ya ƙara faɗi, ya manta tsayi.”

“Wa ya san 'yata za ta haifi falwaya?”

Ta ce ita ba abin da ya dame ta da ramarsa, takura mata ce ta ishe ta. Ya bar wurinsa ya tare a gindin tagarta, yana ta ajiyar zuciya kamar wanda mota ta tafi ta bari. Gari na wayewa kuma sai ya kama hanyar shago. Mai walda ne ya karɓi shagon yanzu, inda da ake taka garin katako, yau guntayen ƙarfe ake takawa. Karen yakan kwanta a bakin ƙofa ya yini yana kallon wani mutum daban yana aiki, da yamma ya dawo shi kaɗai, daidai lokacin da suka saba dawowa su biyu. Jiya ya taka gefen langalanga, mai walda ya kawo shi gida a baro.

Dogo ya ce shi ma ba zaune yake ba, ya yi bincike. Akwai wani zaure na masu karnuka a waya, abokin aikinsa ya saka shi a ciki. Mutane ne masu tsananin kulawa, karnukansu suna da sabulun wanka daban da na mutanen gida, kuma in kare ya yi atishawa ba mai sukuni ranar. Ya ba su labarin Guduma, kafin ya ajiye wayar amsoshi sun fi ƙarfin karantawa. Wani ya ce tsutsar ciki ce. Wani ya ce zazzaɓin kaska ne, nasa ma haka ya fara. Wata ta ce a duba haƙora, tsohon kare ba ya kukan ciwon haƙori, daina ci kawai yake yi. Wata kuma, mai tsintar karnukan titi tana jinyarsu a bayan gidanta, ta ce in ba mai so a kawo mata, tana da wuri, ko da yake maƙwabta sun daina amsa gaisuwarta. Wani ya ce a kunna masa rediyo. Daga nan zauren ya rabu biyu a kan ko ya halatta a ba kare ƙashin kaza, aka manta da Guduma gaba ɗaya.

Kaka ta saurara da fuskar wadda ake ba labarin wata ƙasa mai nisa. Abu ɗaya kawai ta tambaya, yadda aka yi suka san ramarsa. Ya ce hoton da mai walda ya tura wa kawu ne ya tura musu.

“Ka watsa wa duniya hoton karen gidana da haƙarƙari a waje? Su ce ba a ɗora tukunya a gidan nan?”

“Karen gidan wa?”

“Gidan nawa ne, karen na titi ne. Kada ka haɗa mini lissafin da ba a ba ka ba.”

A hanyarsa ta zuwa ya biya wajen likitan dabbobi, wanda ya san Guduma sarai, domin Kafinta bai taɓa bari allurar haukan kare ta wuce lokacinta ba, shi da bai taɓa yarda a auna jininsa ba. Likitan ya ba da ruwan wanke ciwo da bandeji da safar hannu, ya ce in ƙafar ta kumbura ko ta fara wari a kawo shi. Batun abinci kuwa, ya ce tsohon kare in ya rasa mai shi yakan yi haka, wani ya farfaɗo, wani ya bi bayansa. Abin da ya fi, kada a canza masa komai: kwanonsa, lokacin cinsa, da abin da yake kwana a kai.

Kaka ta tambaya ko gona ba canji ba ce. Dogo ya ce ya zaci murna take yi. Ta ce tambaya kawai ta yi, ina ruwanta.

Ya leƙa kusurwar katako. Kwanon yana nan, mazubin ruwa yana nan, an ma matsar da shi inuwa. Ƙasa ce kawai tsirara a inda karen yake kwana.

“Ina rigar?”

“Na ƙone ta.”

“Rigar Kafinta?”

“Tsumman kare. Ka zo jinya ne ko ka zo shari'a?”

Ya saka safar hannu ya tsuguna. Ya ce ta zo ta riƙe masa kan karen, ta ce ita da alwalarta. Daga kan kujera ta gudanar da aikin, da sandarta a matsayin yatsa. Ta ce kada ya zo masa ta hagu, idon hagun ba ya gani sosai, zai firgita. Ta ce ya fara dafa bayan wuyansa, inda tabon waya yake, a nan yake kwantar da hankali. Ta ce ruwan ya yi sanyi, ya surka da na buta. Dogo ya ce bai taɓa ganin wadda ba ruwanta da abu ta haddace shi haka ba. Ta ce wanda ya zauna kusa da masu walda ma yakan san ƙarar injinsu, ba don yana so ba.

Yankan yana tsakanin yatsu, bai yi zurfi ba amma ya kwashi ƙasa. Karen bai yi ƙara ba, ya juyar da kai kawai ya dubi bango, irin na dattijon da ake yi wa allura a gaban yara. Da Dogo ya gama wankewa sai ya ɗaga kunnen karen, tunda zaure ya ce a duba kaska. Kunnen tas yake, ciki da waje. Ɗayan ma haka. A kan dakalin taga kuwa ga ƙaramar filayar Kafinta, da gwangwanin kananzir a gefenta.

“Wa ya cire masa kaska?”

“Su suka gaji suka tafi. Ba jini a jikinsa.”

“Suka biya ta cikin kananzir a kan hanya?”

“Ban tambaye su hanyar da za su bi ba.”

Ya jawo kwanon abincin. Nama ne da romo, an cire ƙashi, an yanka ƙanana yadda marar haƙori zai iya. Dogo ya ce shi da yake mijin aure bai taɓa ganin irin wannan yanka a kwanonsa ba. Ta ce ranar da ya tsare gida ya yi haushi ko sau ɗaya, zai gani. Yana cikin dariya sai ya lura da wani farin gari a gefen romon, ya tambaya mene ne. Ta ce maganin gwiwarta ne ta daka masa rabi, tunda ciwon ƙafa duk ɗaya ne, nata da nasa.

Dariyar ta tsaya. Ya ce abu na farko da likita ya ja masa kunne a kai ke nan, kuma shi ne abu ɗaya da duk zauren bai yi gardama a kai ba: maganin ciwon jiki na mutane yana lalata cikin kare, yana iya kashe shi. Ya tambaya ko ya ci. Ta ce ko shinshinawa bai yi ba. Ta faɗe shi da sauri, hannunta ya damƙe sandar. Dogo ya kai kwanon bakin rariya ya zubar, ya ɗauraye, ya dawo yana girgiza kai.

“Ƙin cin girkinki ne ya cece shi. Da kakana ya san wannan dabara da ya kai shekara ɗari.”

Irin wannan magana sun saba da ita, ta sha jin wadda ta fi ta, ta sha mayar da wadda ta fi ta zafi. Yau dai sai ta juya kai. Ta dubi kujerar da ke gefenta, mai rawa, wadda ba wanda ya zauna a kai tun watannin nan.

“Shi bai taɓa rage ko loma ba,” in ji ta. “Ko ranar da gishiri ya yi yawa.”

Dogo ya koma kan bandeji, ya ba shi kulawar da ta fi ƙarfin bandeji. Da ya naɗe sai ya ga ƙasa za ta ɓata shi kafin yamma, ya ce yana buƙatar tsumma mai kauri ya rufe sama. Kaka, wadda hankalinta bai gama dawowa daga kujerar ba, ta ce ya shiga ɗaki ya duba akwati. Yana ciki ya riga ya ɗaga murfi ta ɗaga murya ta ce ba wannan akwatin ba, na ƙarƙashin gado take nufi.

A saman zannuwanta na fita unguwa akwai leda a ƙulle, a cikin ledar akwai riga.

Rigar aikin Kafinta ce, kakkaura, ruwan ƙasa, gam ya bushe a ƙirjinta, aljihun hagu ya taɓa yagewa an ɗinke da zaren da bai dace ba. Duk wanda ya taso a gidan ya san tarihinta. Kullum Kafinta ya dawo da yamma sai ya tuɓe ta a wajen tarin katako ya rataye a ƙusa, kullum kuma da safe a ƙasa ake samunta, da kare a kai. Ya kakkaɓe, ya saka, ya tafi aiki. In Kaka ta yi magana ya ce ƙusar ce ba ta riƙo. Mutumin da ya yi rufin rabin unguwa ya ƙare rayuwarsa bai iya kafa ƙusa ɗaya ba. Saboda haka ta kafa doka: rigar nan ba ta taka baranda, balle ɗaki, kuma ba a wanke ta a bahonta. A cikin dokokin gidan ba wadda ta kai ta daɗewa.

Ba a wanke ta ba. Da ya kwance ledar ɗakin ya cika da katako da gam da zufar mutum ɗaya, har Dogo ya waiga ƙofa kamar za a ce masa ya miƙo zarto.

Da ya fito da ita, karen yana tsaye da ƙafa uku a bakin baranda, inda bai taɓa takawa ba tun yana kwikwiyo. Hancinsa yana rawa.

“Amarya, tokar nan ta yi kyau. Har da maɓallai.”

“Ashana ce ta ƙare.”

“Tun watannin baya?”

“Mai shagon da nake saye ya yi tafiya.”

“Tsohuwa da carbi a hannu, kin yi wa maraya sata. Kin kwashe masa katifa da bargo a rana ɗaya.”

“Marayan da ya ci naman gidan nan fiye da uwarka.”

“Shi ya sa ya tare a tagarki. Ba sonki yake ba, kayansa ya biyo.”

“Na sani. Duk zuriyar Kafinta haka kuke, ba mai zuwa wajena sai da dalili.”

Ta miƙa hannu, ya ba ta rigar. Ta ɗora a cinya, a kan zanen da take salla da shi, ba ta ce komai game da alwala ba. Da ta yi magana, ba shi take kallo ba.

“Ina zaune ina karɓar gaisuwa su kawunka suka shiga ɗakinsa. 'Ya'yan kirki ne, ba su so in sha wahala. Suka kwashe komai, aka kai wanki, aka goge, aka rabar. Da na samu kaina na shiga, ɗakin ƙanshin sabulu yake yi. Har matashin kai sun canza wa riga. Na zagaya gidan nan kaf, ban samu inda mutumin nan ya rage ba sai a ƙarƙashin wannan abin.”

Ta ce ta jira karen ya tafi shago ne, ta ɗauko ta da bakin sanda, da niyyar ƙonewa kamar yadda ta daɗe tana alkawari. Tsakanin tarin katako da murhu niyyar ta lalace.

“Ba kullum nake buɗewa ba,” in ji ta. “In ana yawan buɗewa zai ƙare.”

Dogo ya ɗaga kai ya duba rufin baranda, wanda ba abin da ya same shi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Kawu ne, yana son jin ko sun kama hanya, maigadi yana jira. Dogo ya bar wayar ta gama kukanta, sannan ya gyara murya irin ta aji.

“To. Kare zai tafi gona da kayansa. Likita ya ce kada a raba shi da shimfiɗarsa.”

“Rigar ba ta fita daga gidan nan.”

“Shi kuma ba ya zama lafiya sai da ita.”

“Kai ne malamin lissafi.”

“Riga ba ta fita, kare ba ya rabuwa da riga. Amsar da nake samu ba za ta yi wa kawu daɗi ba.”

“Sake dubawa, ko ka yi kuskure. Ɗalibanka duk faɗuwa suke yi.”

“Na sake. Kare ya zauna.”

“Ni dai ban ce ba. Lissafi ne ya ce.”

Ya ce ba a gama ba, saura rabon gado, domin riga ɗaya ce magada biyu, kuma ɗaya a cikinsu ya riga ya nuna ba shi da amana. Ya tuna mata cewa matar mamaci, in akwai 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas ne nata. Ta tambaya yaushe kare ya zama ɗa. Ya ce ita ta raɗa masa ɗan Kafinta, unguwa duka shaida ce. Ta ce Allah ya shirye shi, ilimin da aka kashe wa kuɗi ke nan. Sannan ta ce ya miƙo mata almakashi a kan taga.

Ta daɗe tana juya rigar. Ta duba hannu ta bari. Ta duba aljihu ta bari. Daga ƙarshe ta kama wuyan rigar, inda ya yi baƙi ya yi santsi saboda gogar fata, ta bi ɗinkin a hankali ta yanke shi, ta ninke, ta mayar cikin ledar ta ƙulle bakin sosai.

Dogo ya auna da ido ya ce wannan ko rabin haƙƙinta bai kai ba, ta cuci kanta, ta ƙara da hannu ɗaya.

“Kai faɗi kake aunawa,” in ji ta. “Shi ya sa har yau ba ka yi aure ba.”

“Ina da ke.”

“Allah ya sauwaƙe.”

Tana kakkaɓe sauran rigar wani abu ya faɗo daga aljihu. Guntun fensirin kafinta ne, mai faɗi, duk jikinsa shaidar haƙora, kuma ba wanda zai iya rantsewa ko haƙoran wane ne cikin su biyun. Ta sa Dogo ya ɗauko, ta dube shi, ta mayar masa a tafin hannu, ta ce rabonsa ke nan, jika ba ya gado amma ba za a ce ya zo gidan matarsa ya koma haka ba. Ya ce ya zo da mota an sallame shi da guntun fensir. Ya saka shi a aljihun ƙirji, ya ɓalla maɓallin.

Sannan ta jera sharuɗɗa, tunda lissafinsa ne ya jawo mata wannan wahala. Shi zai faɗa wa kawunsa, da bakinsa. Shi zai riƙa zuwa bayan an tashi makaranta yana canza bandeji, har ƙafar ta warke, ita ba ta taɓa kare. Shi zai kafa wa ƙofa sakata ta ƙasa don kada abin ya sake komawa wajen masu ƙarfe. Kuma in zai zo ya zo da cefane kamar mazan mutane. Dogo ya ce wato an kori kare bai tafi ba, an kuma kama miji. Ta ce wanne ne mijin, ita karnuka biyu take gani.

Ta dafa sanda ta tashi. Ya miƙa hannu zai karɓi rigar, ta ƙi. Da kanta ta sauka daga baranda, gwiwa tana ƙara, ta ratsa tsakar gida, karen yana binta a baya da ƙafa uku, tsakaninsu tazarar da suka daɗe suna kiyayewa. Dogo ya zaci a ƙasa za ta shimfiɗa masa. Ba ta shimfiɗa ba. Ta ɗaga hannu ta rataye rigar a ƙusa, ta ja da baya.

Guduma ya tsaya a ƙarƙashinta ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya miƙa wuya, ya kama gefenta da haƙora, ya ja. Rigar ta zame ta faɗo. Ya taka ta, ya zagaya a kanta yana ɗingishi, ya kwanta, ya cusa hanci cikin aljihun hagu.

Kaka ta sa Dogo ya zubo sabon romo daga tukunya, wanda ba magani a ciki, ya ajiye kusa.  Sun koma baranda, Dogo yana neman lambar kawu yana shirya yadda zai bayyana lissafin, sai suka ji ƙarar kwano a kan siminti. Karen bai tashi ba, daga kwance ya miƙa kai ya ɗauki yanka ɗaya. Ya tauna a hankali. Ya ɗauki na biyu.

Kaka ta ce ashe dai makwaɗaici ne kamar sauran dangin, sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce hayaƙin maƙwabta ya dame ta.

Dogo ya dubi ƙusar. Daga inda yake ma ana ganin an kafa ta ne a karkace, kanta yana kallon ƙasa, a daidai tsayin da kare zai kai.

“Tunda na gaji fensir, in gyara miki ƙusar nan?”

Dariya ta ƙwace mata, har sai da ta riƙe ledar da ke cinyarta kada ta faɗi.

“Bar ta, miji. Wanda ya fi ka iya aiki ma ya kasa.”